Sa Hannun Maigida

Ma'aikacin asirans, ofishin inshorar lafiya, ya turo wa Mas'uda takardunta ta ƙasan gilashi, ko kai bai ɗaga ba.

"Madan, dosiye bai cika ba, takardunki da saura. Katin na mijinki ne, ke a ƙarƙashinsa kike. Sai ya sa hannu nan, ƙasan bayanin lokotoro."

"Ni tambaya ɗaya na kawo," in ji ta. "Kuna biyan maganin nan ko ba kwa biya?"

"Ba a duba jerin magunguna sai dosiye ya cika. Ƙarfe biyar muke rufewa."

Ta fito bakin titin Magariya tana fifita da takardun. Zafin nan ya sake taso mata daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska, karo na huɗu tun safe. Kallabinta ya jiƙe sharkaf.

Shekararta arba'in da ɗaya, al'adarta kuwa ta ɗauke shekara biyu ke nan. Lokotoro, likitan mata a Damagaram, ya ce ta ɗauke da wuri, in ba ta riƙa shan ƙwayoyin da ke mayar wa jiki abin da ya rasa ba, ban da zafi da ƙuncin rai, har ƙashinta sai ya yi rauni. Kwali ɗaya jaka goma sha ɗaya ta sefa, kuma duk wata! Ta saya sau uku da kuɗin ɗinkinta, keken ya gaza. Yau kwana ashirin da ƙarewar maganin, ko zare ba ta iya zura wa allura.

Mijinta Mainassara bai san komai ba. Shekara goma sha bakwai da aure, ɓari biyu, ba ɗa ko ɗaya. Duk sanda Inna, mahaifiyarsa, ta aiko daga Dungas cewa ya ƙara aure, amsarsa ɗaya ce: "Muna sa rai." To, da wane baki Mas'uda za ta ce masa babu sauran abin sa rai? Tsoro take ji, tsoro ƙwarai.

Ta je ƙofar farmasi, ta juyo. Ta nufi gida, ta sake juyowa. Har ta ari alƙalami wajen mai shago don ta kwaikwayi sa hannun mijinta, sai ta fasa, ta mayar masa da abinsa. Kai, wannan rana! Daga ƙarshe ta tsayar da kabu-kabu ta ce ya kai ta Kwaya, ƙauyen da mijinta ke koyarwa.

Ta tarar da Mushe Mainassara, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, a ajinsa na zana yana koyar da lissafi. Da ya hango ta ya fito da sauri, hannu duk alli.

"Lafiya, Mas'uda? Rasuwa aka yi?"

"Lafiya lau, Malam. Hannu kawai za ka sa mini."

Ta ninke takardar, ta danne saman da babban yatsa. Allah sarki, wai malamin lakwal za ta sa ya sa hannu bai karanta ba! Ya zare takardar a hankali, ya warware. Ta ga leɓensa na motsi a kan Faransancin lokotoro. Ya kai ƙarshe, ya koma farko.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Kwanakin da kike fashin salla fa, duk wata?"

"In ka tafi masallaci nake yin tawa, a ɗaki."

"Jiƙon haihuwar da nake sayo miki a Maigatari?"

Ta sunkuyar da kai. "Zogalen bayan ɗaki ke sha."

Ta so ya yi faɗa, wallahi da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya ɗora takardar a kan sirdin babur ɗinsa ya sa hannu, ya leƙa ya bar wa abokin aikinsa ajin, ya ce mata, "Hau."

Suka kama hanyar Magariya. Yashi na jan tayar baya, gonakin gero na wucewa, ita kuwa ta rasa inda za ta sa hannunta. Ta kama kafaɗarsa, ta saki. Ta kama ƙarfen baya. Zafin ya sake tasowa, ta bar shi ya yi abin da zai yi.

Biyar saura kwata suka shiga ofishin asirans. Ma'aikacin ya duba sa hannun, ya buga hatimi, sannan ya jawo wani littafi mai kauri, ya bi layi da yatsa. Ko minti ɗaya bai yi ba.

"Ba ya ciki. Muna biyan haihuwa, da masassara, da hawan jini. Wannan kuwa maganin jin daɗi ne a wurinmu, ba ciwo ba ne."

Mas'uda ta dafa gilashin. "Bawan Allah, me ya hana ka buɗe littafin nan da safe?"

"Ai da safe dosiye bai cika ba, Madan."

Mainassara ya ɗauki takardar lokotoro ya fita. Ta bi shi. Ta ga ya tsallaka titi ya shiga farmasi. Da ya fito ya miƙo mata kwali guda, idonsa a kan babur.

"Na wata ɗaya ne. In an yi albashi a sake saye."

"Na gode, Malam," in ji ta.

Ya taka babur, ya tashi. "Gobe da safe zan je Dungas wajen Inna."

"Me za ka ce mata?"

"Abin da na sa wa hannu," in ji shi. "Hau mu tafi gida."