Yayen Rahama

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ita ce shekarar da masaƙarmu ta sallame mu. Mutum ɗari huɗu rana ɗaya. Aka ce zare ya yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa, kowa ya kama gabansa. Na tattaro matata Naja'atu da 'yarmu Rahama mai wata tara muka dawo Gwarzo, gidan da na gina ɗaki biyu ban ko yi masa filasta ba.

Ba mu rufa wata biyu ba Naja'atu ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Kabo, don a lokacin mata sun dage sai 'yar'uwarsu mace za ta duba su, ita kuwa ta yi makarantar ungozoma. Ta fita da safe, sai bayan la'asar ta dawo. To, wa zai zauna da yarinya? Ni ne dai, Muntari, ƙato da gemu, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tsaron inji.

Wallahi injin ya fi sauƙi. Inji in ka kashe shi ya kasu. Rahama kuwa, ka juya baya ka ɗauko ludayi, kafin ka waiwayo ta tsoma takalminka a randa. Ta ci ƙasa, ta ci gawayi, ta taɓa cinye mini rabin takardar sallamar aiki, ban kuma ga laifinta ba. Na koyi dama kunu ba gudaji, na koyi fifita shi. Na koyi goyo, bayan sau biyu tana zamewa ina cafewa. In na yi sujada ta haye bayana ta zauna daram, sai in tsawaita tasbihi har ta gaji ta sauka. Da maƙwabcina ya leƙo da ya ce tsoron Allah ne ya kama ni.

'Yan majalisar ƙofar shagon Datti tela kuwa sun sami abin yi. Da na fito sayen sabulu sai ka ji an ce, "Ga mai jego nan! Muntari, yaushe za ka gama wanka?" Nakan ce musu in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, sallamar ma'aikata ba ta ƙare a kaina ba. Su yi ta dariya. Ni ma in yi, amma in na koma gida sai na yi tsaki ya fi a ƙirga.

Duk da haka ba su taɓa ganina riƙe da ita ba. Mu asalinmu Fulanin Gammo ne. Shanu sun ƙare, Fulatanci ya gudu daga bakinmu, amma kunyar ɗan fari tana nan ba ta je ko'ina ba. Uba ba ya ɗaukar 'yarsa ta fari a gaban mutane, ba ya yi mata wasa, a gaban iyayensa kuwa sai ya yi kamar bai san daga ina ta fito ba. Don haka duk abin da ke tsakanina da Rahama a bayan ƙyaure yake. Ina son yarinyar nan, son da har yakan ba ni tsoro, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Da ta cika wata ashirin da ɗaya sai saƙon mahaifiyata, Inna Marka, ya iso: ranar Juma'a za ta zo ta ɗauki yarinya yaye. Na san abin da hakan ke nufi. A gidanmu 'yar fari ta kaka ce, in an tafi da ita yaye an tafi ke nan. Ni kaina haka aka kai ni ƙauyen Durun wurin kakata, ban dawo ɗakin uwata ba sai da na isa kora awaki. Naja'atu ta ji saƙon ba ta yi musu ba, don kunyarta ta fi tawa nauyi. Ranar Juma'ar ta ƙulle kayan yarinya a jaka, ta ba ta nono na ƙarshe, ta fice tun kafin lokacin motarta ba ta waiwayo ba.

Da hantsi Inna ta yi sallama, riƙe da gorar rubutun yaye da sabon zanen goyo. Na durƙusa muka gaisa: hanya, gajiya, mutanen gida, damina, gero ya fara kai ko bai fara ba. Muna cikin haka Rahama ta fito da gudu ta rungume ƙafata, ta ɗago hannu biyu.

"Baba, ɗau."

Na janye ƙafata. Na kalli bango na ce, "Je ki wurin kakarki."

Ta tsaya tana kallona, hannun nan biyu a sama. Ba ta yi kuka ba, ita dai ba ta gane abin da ta yi mini ba. Da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Inna ta lallashe ta da ƙuli-ƙuli, ta ba ta rubutun ta kurɓa, ta goya ta. Na ɗauki jaka na bi su a baya zuwa tashar motar Kabo. Na yi niyyar in yi shiru, amma bakina ya ƙi.

"Inna, uwarta ta ce ba ta shan kunu in akwai tsamiya da yawa."

"To."

"Ta ce kuma in za ta yi barci sai an bar ta ta kama kunnen mutum. Na hagu."

"To."

"Kuma wai tana tsoron zakara. Kaza ba komai, zakara ne dai."

Muka isa tasha. Inna ta shiga kujerar baya inda aka keɓe wa mata, ta sauko da yarinyar kan cinya. Direba na ta kiran saura mutum biyu. Na miƙa jaka ta taga, ya kamata in juya in tafi, ban tafi ba.

"Uwarta ta ce in ta ce 'bubu' ruwa take so. Kuma da azahar takan yi rigima, ba yunwa ba ce, sai a zaga da ita tsakar gida sau uku ko huɗu, a nuna mata ƙadangaru. Kuma akwai wani ƙurji a bayan gwiwarta na dama, kada a sa masa toka, man kaɗanya ake..."

Nan na tsaya. Na yi tari, na duƙa kamar ina gyara takalmi. Da na ɗago, Rahama ta zuro hannu ta taga tana laluben kunnena, Inna kuma ta zuba mini ido. An ce ido ba mudu ba, ya san kima.

"Muntari," in ji ta, "uwar tata da ke Kabo tun safe har la'asar, ita ta san abin da yarinya ke yi da azahar?"

Na sunkuyar da kai. Wata daga cikin matan da ke motar ta rufe baki da mayafi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Me zan ce? In ce a bar mini 'yata? Wannan magana ba ta taɓa fita daga bakin namiji a zuriyarmu ba.

Mutum biyun suka cika. Direba ya tayar da mota, ya zagayo zai rufe ƙofa. Sai Inna ta ɗaga masa hannu.

"Dakata, ɗan nan. Sauke ni."

"Hajiya, lafiya?"

"Gwiwata ce ta tashi. Daga Kabo zuwa Gammo da sauran tafiya, ga goyo, ba zan iya ba." Ta sauko a hankali tana cije baki, matar da ko sati biyu ba a yi ba aka ce mini ita ta yi noman gyaɗarta da kanta. Ta dube ni fuska a murtuke. "A gidanka zan yaye ta. In gwiwar ta saki in koma ni kaɗai, don na tsufa da bin yarinya mai tsoron zakara."

Na ce, "To, Inna."

Motar ta tashi ta bar mu tsaye a tsakiyar tasha, ga masu rake, ga 'yan acaɓa, kowa na kallo. Na sunkuya zan ɗauki jaka, sai Inna ta buge mini hannu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bar jakar, ita zan iya. Wannan 'yar mutanen ce ta yi mini nauyi. Karɓe ta, ni na sa ka, kuma kada ka sauke ta sai gida."