Sunan Ganye Biyu na Farko

Shekara ashirin da biyu Malama tana koyar da kimiyya a aji huɗu, kuma duk yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gida, sai ya durƙusa a gaban allo har a tashi. A gida ma ba ta sauya zane ba. In abokan aiki suka zo, takan ce wa mahaifiyarta, "Inna, ki ɗan shiga ciki," don kada tsohuwa ta buɗe baki.

Kwatsam sai ga takarda daga sama, wai daga zango mai zuwa da yaren gida za a koyar. Malama ta taɓe baki, yaren da ta sha a nono ne zai ba ta wuya? Ta zauna rubuta darasin tsiro. Ta rubuta saiwa, ta rubuta kara, sai ta cije. Ganye biyun nan masu kauri da ke fara fitowa daga ƙwayar wake, sunansu ya ɓace mata ɓat. Ta tambayi malamai, kowa ya sosa ƙeya. Shugaban makaranta, sarkin zaƙewa a taro, ya ce ta rubuta "ganye" a wuce wurin.

Ita kuwa ta san ganyen nan suna da suna. Ta sha jin sa a bakin Inna a lambu, lokacin da ba ta da kunnen saurare.

Ta ɗauki gwangwanin da ɗalibanta suka shuka wake a ciki, ta nufi gidan ƙanwarta, inda Inna ke kwance wata biyar tun da ɓarin jikinta ya shanye.

"Yaya, ba ta magana fa," in ji ƙanwar. "Sai dai ido."

"Bari dai in gwada."

Ta zauna a bakin katifa, ta matso da gwangwanin.

"Inna, yaya ake kiran waɗannan? Yara zan koya wa. Da yarenmu."

Idon tsohuwa ya kawo haske. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta shafa ganyen. Ta sani, wallahi ta sani. Leɓenta ya motsa, jijiyar wuyanta ta tashi, amma iska kawai ta fito. Sau uku tana gwadawa, sannan hawaye ya gangaro mata cikin kunne. Malama ta ɗauki gwangwaninta ta koma gida.

Ranar Litinin ta ɗaga gwangwanin a gaban aji.

"Waɗannan biyun suna da suna," ta ce. "Mahaifiyata ta san shi. Ni ce ban tambaya da wuri ba."