Fayafayan Dinatu a Layin Siminti

A shekarar 1975, lokacin da arzikin mai ya sa manyan ma'aikata ke ɗaukar London wata unguwa ce a bayan Kaduna, Dinatu Dalyop tana aikin nas a Catford, wata unguwa a London. Ranar Asabar da yamma kuwa takan ɗora malafar kaboyi, ta rungumi jita, ta rera waƙoƙin kantiri, irin na ƙauyukan Amurka, a wani zauren 'yan Ayalan. Burinta ɗaya ne: mahaifiyarta, Ngo Chundung, da ke Bukuru, ta ji muryarta kafin tsufa ya ƙarasa toshe mata kunne.

Da aka buga mata faifai na farko, sai ta kai guda hamsin wurin Malam Zailani, akawun ofishin ɗalibai, mutumin da bai taɓa rowar shawara ba.

"Jirgin sama? Haba 'yar Filato! A wurgo su a farfasa miki? Jirgin ruwa. Ni zan yi miki booking, mako uku."

"Malam, ka tabbata?"

"Ni da na aika firiji biyu?"

Jirgin kuwa ya isa Legas a mako uku cif, ya tarar da ɗaruruwan jiragen siminti a layi. Wata tara fayafayan suna gasuwa a cikinsa. Da akwatin ya kai Bukuru, duk sun lanƙwashe. Ƙanenta Rwang ya zaɓi mai dama-dama ya ɗora a garmaho, muryar tana hawa tana sauka, tana karkarwa.

Shi ya rubuto wa Dinatu wasiƙa, amma maganar ta tsohuwa ce: "Na ji, sau goma sha ɗaya. Ashe ke kika gaji kakarki. Haka muryarta take rawa in tana niƙa. Dā na ɗauka Turawa sun mayar da ke tasu."

A bas Dinatu ta karanta, har ta wuce tasharta. Ba ta taɓa faɗa musu cewa zafi ne ya yi wannan aiki ba. Asabar ta gaba ta sa wa muryarta karkarwa da gangan. Da wannan karkarwar ta yi fayafai huɗu, ta zagaya garuruwan Ayalan, wata jarida ma ta kira abin gadon Afirka tsantsa.

Malam Zailani, har ya yi ritaya, yana cewa shi ya gano ta.