Lambar Laurits

Wasiyyar Laurits, tsohon malamin makarantar Marstal, wani gari a kan tsibiri, ɗaya ce tak: a sassaƙa masa lambarsa a dutsen kabari. Ɗaya ne guda goma sha ɗaya a jere, 11,111,111,111, a ƙarƙashi kuma a rubuta cewa ba ta rabuwa ga kowace lamba sai ɗaya da ita kanta. Shekara ashirin shi da matarsa Bodil suka kwashe suna gwada raba ta da dubban lambobi, shi da littafinsa, ita da nata, kullum sai an sami saura. Duk tsibirin an gaji da labarin, har masunta da lissafinsu bai wuce gangar kifi ba.

Mako biyu da binne shi, Bodil na kwashe akwatinsa, sai wata takarda ta faɗo daga tsohon littafinta na lissafi. Rubutun Laurits ne. Ya raba lambar da 21,649, ta rabu tsaf, babu saura. Ta buɗe shafin da aka gwada 21,649 a littafin nata. Aikinta ne, ita ce ta tsallake layi guda. Kwanan watan da ke jikin takardar ya kai shekara tara.

Ta zauna har kofi ya huce a gabanta. Kunya ce ta fara zuwa, haushi ya biyo baya, shi ya fi daɗewa. Wato shekara tara mutumin nan yana bugun ƙirji a gaban limamin coci da lambar da ya san ta fashe, don kawai kada ranta ya ɓaci. Ya mai da matarsa ƙwai ke nan, abin lallaɓawa. Ga shi yanzu zai kwanta ƙarƙashin ƙarya saboda ita.

Ta yafa mayafi ta nufi wajen Thorkild mai sassaƙar dutse. Ya riga ya gama lambar.

"Uwargida, ƙirga kika zo yi? Sha ɗaya ne cif. Ban taɓa samun aiki mai sauƙi haka ba, sanduna kawai na jera."

"Layin ƙasa fa?"

"Sai na ci abinci."

"Bar shi. Ga abin da za ka sa." Ta miƙa masa takardar: 21,649 sau 513,239.

Thorkild ba malami ba ne, amma ya gane.

"Haba uwargida, wa zai sani? Mutanen nan in lissafi ya wuce goma sai sun cire takalmi. Ki rufa wa mamaci asiri mana."

"Ba asirinsa ba ne."

"Dariya za su yi masa har cikin kabari."

Ta san haka, ta kuma san masu dariyar da sunayensu. Ta gyara mayafinta.

"To ƙara layi ɗaya," ta ce. "Ka sa: Bodil ce ta yi kuskuren, Laurits ne ya gano."

"Rubutun dutse fa ba ya goguwa."

"Na sani. Ai ni ma nan za a sa ni."