Mai Tsaron Ƙofa

Sagir ya kulle ofishinsu ranar Laraba, ya mayar wa mai gida da makulli, ya hau babur ya nufi Ƙofar Durbi. Ya sami Malam Lado a zaure yana tufkar igiya, waya a gefensa kan tabarma.

Suka gaisa. Ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya sake yin gaisuwar rashi, duk da an daɗe da yin sadakar arba'in. Malam Lado ya amsa kowace da kalma ɗaya.

Sagir abokin aikin Nu'uman ne, ɗan farin Malam Lado. Su biyu suka haɗa wani wasa na waya da ke aiki ta intanet, wanda babu hoto a cikinsa, sai murya. Mutum ya sa abin saurare a kunne, ya tsinci kansa a Katsina ta zamanin da, a bayan ganuwa, rana ta faɗi, an rufe ƙofa. Yana ɗauke da wani littafi da zai kai wa malamin masallacin Gobarau, wani abu kuma yana biye da shi a daji, ana jin numfashinsa, ba a jin sawunsa. Wasan yana tambaya, mai wasa yana amsawa da baki, labarin ya bi inda ya zaɓa. Nu'uman ne ya yi muryar mai tsaron ƙofa. Da damina 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Batsari. Gawarsa ta dawo, kwamfutarsa ba ta dawo ba.

"Baba, yau da la'asar za a kashe wasan," in ji Sagir. "Inda aka ajiye shi a intanet ba namu ba ne, na wani kamfani ne. Na roƙe su, sun ƙi."

"To."

"Rabin ƙarshe bai fita ba. Babu shi a wayar kowa sai taka. Shi da kansa ya sa maka. In ka wuce ƙofar, zan naɗi muryarsa da tawa wayar, mu samu abin ajiyewa."

Malam Lado ya ci gaba da tufka.

Zuwaira, ƙanwar mamacin, ta fito da ruwa a kwano, ta durƙusa ta ajiye. Ba ta koma ciki ba.

"Kullum sai ya kunna," ta ce wa Sagir. "A wuri ɗaya yake tsayawa."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Malam Lado.

Ta sunkuyar da kai.

Sagir ya ɗauki wayar, ya cire abin kunnen, ya ƙara sauti. Iska ta cika zauren, da kukan kura can nesa, sai ƙarar sanda a jikin ƙyaure. Muryar ta fito, an tsufar da ita da gangan, amma kowa ya gane ta.

"Wane ne a waje? Ban buɗe wa baƙo. In ka san ni, kira sunana."

Hannun Malam Lado ya tsaya a kan igiya.

"Nu'uman," in ji Sagir da ƙarfi.

"Ba wannan muryar nake jira ba," in ji mai tsaron ƙofa. Numfashin abin da ke daji ya ƙara matsowa.

"Ka ji, Baba," in ji Sagir. "Ranar da ya sa maka wasan ai ya ce ka yi sallama a bakin wayar. Muryarka ya ɗauka. Wannan ba ya amsa wa kowa sai kai."

"A wayoyin mutane wane suna mai tsaron yake da shi?" in ji Malam Lado.

"Sarkin Ƙofa kawai ake cewa," in ji Sagir.

"A tawa ce kaɗai ya sa nasa."

"E."

Malam Lado bai taɓa furta sunan nan ba. Ranar suna ya fice daga gida, ƙanensa ya tsaya a madadinsa. Da yaron ya girma, "kai" yake ce masa, a bayan ido kuma "yaron nan". Haka ubansa ya yi wa babban wansa, haka kakansa ya yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yaba shi a gaban mutane. Ranar jana'iza ma a sahun baya ya tsaya.

"Ya gaya mini dalili," in ji Sagir a hankali. "Ya ce so yake ya ji ka kira shi sau ɗaya, ko da a wasa ne. Ya ce akwai maganar da ya ajiye maka a bayan ƙofar. Ni ma ban san ko mece ce ba."

"Tarko ya ɗana mini ke nan."

"Baba, ba tarko ba ne," in ji Zuwaira. Hawaye ya zubo mata. "Yaya ne. Mu fita mu bar ka kai kaɗai, ba mai ji."

"Ni zan ji."

"Don Allah, Baba. Mama ma tana son ta ji muryarsa."

"Uwarki ba ta fi ni kiransa ba."

Wayar ta sake magana. "Dare yana yi. Abin yana bayanka. Kira sunana in buɗe."

Malam Lado ya kalli wayar. Leɓensa ya motsa. Sagir ya danna naɗi a tasa wayar, ya matso da ita kusa. A masallacin unguwa ladan ya hura lasifika, yana gwada ta kafin kiran la'asar.

Tsohon ya jawo buta, ya naɗe hannun riga.

"Baba, lokaci ya yi," in ji Sagir. "Kalma ɗaya ce."

"Ban kira shi yana raye ba," in ji Malam Lado. "Ba zan kira shi yanzu ba."