Kwanon Inna Tursunoy

"Kin dai ɗauraye shi da tafasasshen ruwa ko?" in ji Inna Tursunoy, ta miƙo hannu ta kan katanga ta karɓi kwanonta.

Mohira ta yi dariya. "Haba Inna, yau na fara wanke inabi?"

"Ke ɗin? Ke da mijinki ya bar haƙori a cikin shinkafarki?"

Alhali famfo ya ɗauke tun safe, buta kuma ko ɗigo babu. Kwanon ya zo da gurasa mai zafi, a unguwarsu ta birnin Margilan kuwa ba a mayar wa maƙwabci da kwano wayam. Shi ya sa Mohira ta tsinko inabi a rumfar tsakar gida, ta leƙa waje, ta tsoma shi a magudanar da ke bin ƙofofin gidaje. Ruwan garau yake. Ba ta tuna cewa can sama mahauci yake wanke kayan cikin tumaki ba.

Washegari amai da gudawa suka kayar da tsohuwar. An kai ta asibiti, aka yi ta ƙarin ruwa, amma jikin ya riga ya saki. Gawarta aka dawo da ita.

A zaman makoki mata suka yi ta canki-canki. Wata ta ce kankana ce, wata ta ce zafin bana ne. Mohira tana zuba musu shayi, idonta a ƙasa.

Bayan an watse, Shahlo, matar ɗan marigayiyar, ta shigo rungume da kwanon, an cika shi da gyaɗa da alewa.

"Yaya, tun tana asibiti ta ce a bar miki shi."

Mohira ta karɓi kwanon. "Shahlo, inabin nan da na ba ta..."

"Ai tas ta cinye, ko ƙwaya ba ta sam wa jikokinta ba. Rowa!" Shahlo ta yi dariya, hawaye na zuba. "Na ce ta kawo in sake wankewa, ta buge min hannu. Wai abin da ya fito daga hannun Mohira ba a maimaita masa wanki."



Da Shahlo ta tafi, Mohira ta ɗora kwanon a kan katanga, daidai inda tsohuwar ke miƙo hannu. Sama da shi inabi ya nuna har ya fara fashewa, zanzaro na shawagi a kai.