Kebul Ɗin Baba Linus

Ugochi ta san aikin intanet kamar yunwar cikinta, kuma sanin nan ne ya cuce ta. Ofisoshin Jos rububinta suke yi. Mahaifinta, Baba Linus, tsohon mai sayar da kayan babur, yana zaune shi kaɗai a Bukuru tun rasuwar matarsa. Ta kafa masa rauta, akwatin raba intanet, a saman kabad, ta cire manhajar kamfani ta sa ta kyauta wadda kowa ke da ikon gyarawa, don ya riƙa ganin danginsa na gabas ta waya.

A bayan rautar akwai rami shuɗi na kebul ɗin da ke sauko da intanet daga saman kwano, sauran ramukan rawaya ne. Kusan duk Asabar sai wayarta ta yi ƙara.

"Nwa m, 'yata, abin nan naki ya mutu again."

Ta hau bas ta je, ta tarar da kebul a ramin rawaya.

"Papa, wa ya taɓa?"

"Ina shara ne ya fita."

Shara a saman kabad, wai! Kafin ta mayar da shi ya riga ya soya dankali, ya jawo mata kujera, sai hira har la'asar.

Ranar da abin ya ishe ta, ga kwastoma yana jiranta a Kuru, ta buɗe kwamfuta tana cika tana batsewa. Ta shiga saitin ramukan, ta soke bambancin shuɗi da rawaya, ta haɗe su duka wuri guda.

"Yanzu duk inda ka sa zai yi aiki. Ba sai na zo ba."

Ya dubi koriyar fitilar rautar ya ce, "Kin iya aiki." Ta fita, ko dankalin ba ta taɓa ba.

Aiki kam ya yi kyau, kiran Asabar ya ɗauke ɗif. Har alfahari ta yi wa abokan aiki. Gobe za ta je, jibi za ta je, damina ta wuce. Sai Kulu, maƙwabciyar da ke kawo masa nono, ta kira: Baba ya faɗi a tsakar gida, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an kai shi garinsu an binne, Ugochi ta dawo kwashe kaya, Kulu tana taya ta.

"Wallahi, 'yata," in ji Kulu, "duk Asabar sai in same shi gaban akwatin nan. Ya cire kebul ɗin ya sa nan, ya sa can, yana duban fitila. Na ce Baba, kira ta mana. Ya ce, 'To me zan ce mata ya lalace?'"

Ugochi ta miƙa hannu ta juyo rautar. Kebul yana cikin ramin rawaya na can ƙarshe, fitila tana ci kore shar. Ta zauna a kujerar da yake jawo mata, ta fashe da kuka.